Yadda Za Ka Zaɓi Taransifoma Ga Amfilifayar Da Ka Haɗa Da Hannunka

Kwanakin baya wani yaro daga Unguwar Rogo, nan Jos, ya shigo shagona rungume da amfilifaya a cikin kwalin taliya. Shi ya haɗa ta da kansa, kuma aikin dalmarsa ya fi na wasu da suka shekara goma a sana'ar tsafta. IC mai suna TDA7294, wato ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sauti, ya sa guda biyu, karo na biyu ke nan suna ƙonewa.

"Oga, ina jin jabu suke sayar mini," in ji shi.

Na ce ya ɗaga mini taransifomar. An rubuta 32-0-32 a jikinta, wato bolt 32 a kowane gefe na wayar tsakiya.

"To ai takardar IC ɗin ta ce yana ɗaukar 40, wannan kuwa 32 ce."

Ban ce masa komai ba. Na cire allon, na jona wuta, na ɗora mita a kan kondensa, wadda ke tara wutar da IC ke sha. Ta nuna 47. Ya yi shiru yana kallon mitar kamar ita ta ci masa kuɗi.

Ka riƙe wannan tun yanzu, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: in bolt ya yi yawa, kashe kaya yake yi nan take, in ƙarfin taransifoma ya yi kaɗan, zafi take yi, sauti ya raunana, amma tana ba ka lokaci ka gane. Saboda haka wajen bolt ka sassauta hannu, wajen ƙarfi ka cika mudu.

Fara daga lasifika

Yawancin masu koyo taransifoma suke fara saya, don ita ce mai tsada, sannan su nemo abin da za su ɗora mata. Jaki ne a baya, kaya a gaba. Lasifikarka ce za ta faɗa maka bolt nawa kake bukata.

Juya bayanta ka duba om nawa ce, 8 ko 4. In rubutun ya goge, sa mita: mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 kuma 3 da ɗoriya. Sannan ka tambayi kanka gaskiya, guda nawa za ka rataya wa kowane ɓangare? Lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, sun koma om 4. Yaron nan haka ya yi, biyu a dama biyu a hagu, ga bolt 47 a kai. IC ɗin ba jabu ba ne, azaba ce ta yi masa yawa.

Wat ɗin da za ka yi lissafi da shi kuwa na gaskiya ne, wanda ake rubuta wa RMS. Wancan 3000W PMPO da ake mannawa a jikin rediyo, ado ne kawai, kada ka sa shi a lissafi.

Lissafin bolt

Mu ce wat 50 kake so a kan om 8. Ninka 50 da 8, ka sami 400. Nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 400, wato 20. Wannan shi ne bolt ɗin AC, wato wuta mai kai-komo, da lasifika za ta gani. Amma sauti igiya ce mai hawa da sauka, ƙololuwarta ta fi wannan da ninki 1.414, wato ta kai 28 da 'yan kai. Taransistocin fita su ma suna cin rabonsu, kondensa kuma tana ɗan zubewa idan ganga ta buga, don haka ƙara wajen 6. Ka tashi da kusan 34 zuwa 35 na DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya, a kowane gefe, ɗaya tabbatacce ɗaya korau.

Yanzu koma baya. Ƙara bolt 1 na dayod, mai mayar da AC zuwa DC, ka raba da 1.414. Za ka sami 25 da rabi. Ke nan 25-0-25, ko 24-0-24 wadda ta fi samuwa a kasuwarmu. Da 24 za ka sami wajen wat 45 maimakon 50, kuma babu kunnen da zai ji bambancin. Sai ka ninka wat sau biyu cur kafin kunne ya ce an ɗan ƙara.

Ga abin da ya ruɗi yaron. Lambar da ke jikin taransifoma AC ce. Lambar da ke takardar IC kuwa DC ce. Bayan dayod da kondensa, 32 takan zama 45 a takarda, a zahiri ma ta wuce.

Dalilin wucewar biyu ne. Na farko, ana rubuta bolt ɗin taransifoma ne a lokacin da take ɗauke da cikakken kaya. In ba kaya takan hau da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ƙanana ma sun fi haka. Na biyu, wutarmu. A ƙa'ida 230 ce a kan zagaye 50 a daƙiƙa, amma kowa a garin nan ya san da magariba takan faɗi ƙasa da 200, tsakar dare kuma in an kashe kaya ta haura 240. Da yawan taransifomomin kasuwa don 220 aka naɗa su. Sa musu 240, an ƙara kashi 9 ke nan.

Ni gajeriyar hanya nake bi: in ninka lambar jikin taransifoma da 1.65, abin da ya fito shi ne mafi munin da zai iya faruwa. Dole ya tsaya ƙasa da iyakar IC, dole kuma ya tsaya ƙasa da lambar da ke jikin kondensa.

Gwada da waɗanda muka saba da su. TDA2030 iyakarsa 18 ce a kowane gefe. 12-0-12 da kowa ke ba shi tana iya kai 19 da ɗoriya, shi ya sa suke mutuwa kamar ƙuda. Ɗan'uwansa mai harafin A a ƙarshe, TDA2030A, yana jure 22, shi ya dace da 12-0-12. TDA2050 iyakarsa 25, don haka 18-0-18 ta yi masa yawa, 15-0-15 ita ce bakin gaɓa. LM1875 yana kai 30. TDA7294 yana aiki har 40, LM3886 har 42. Waɗannan biyun na ƙarshe 24-0-24 ta yi musu daidai a kan om 8. In om 4 ne, sauka. Takardar LM3886 wat 68 ta ba shi a kan om 4 da bolt 28 kacal, ta TDA7294 kuma wat 70 da bolt 27. Wato 20-0-20, in ba ka samu ba 18-0-18.

Mai son wat 100 na gaskiya a kan om 8 yana bukatar wajen 46 na DC, wato 33-0-33 ko 35-0-35. Nan an bar gonar waɗannan IC ɗin, an shiga ta taransistoci irin 2SC5200 da 2SA1943, kondensa kuma sai mai bolt 63, mai 50 ba za ta kai labari ba.

Ƙarfinta, wato VA

Ana auna ƙarfin taransifoma da VA, bolt a ninka da amfiya. Amfilifaya irin wadda muke haɗawa ba ta mayar da duk abin da ta ci ya zama sauti. Ko a takarda ba ta wuce kashi 78 da rabi, a aikace kuwa wajen 60 ne, sauran zafi ne a jikin ƙarfen sanyaya. Ga kuma halin kondensa: ba ta shan wuta a hankali, kurɓa take yi da ƙarfi sau 100 a daƙiƙa, kuma irin wannan kurɓar ta fi dumama waya.

Saboda haka haɗa wat ɗin ɓangarorin duka. Biyu masu 50, ɗari ke nan. In ta ɗaki ce, ta jin karatu da labarai da ɗan kiɗa, ninka da ɗaya da rabi, VA 150. In ta fita ce, walima, majalisi, gidan kallon ƙwallo inda za a murɗe ta tun la'asar har dare, ninka da biyu ko fiye, 200 zuwa 250. Ƙarin VA ba ya ƙona komai. Amfilifaya abin da take bukata kawai take ja. Aljihunka da nauyin akwati ne kawai za su ji a jikinsu.

Sai dai a nan ne kasuwa take wasa da hankali. Ka ga an rubuta 24-0-24, 5A. In gaskiya ne, daga ƙarshe zuwa ƙarshe bolt 48 ne, sau 5, VA 240. Amma wasu masu ƙerawa gefe ɗaya suke ƙirgawa, 24 sau 5, VA 120, rabin abin da kake zato. Wasu kuma lambar da ta yi musu daɗi kawai suke bugawa. Takarda ba ta gardama da mai buga ta. Ƙarfe kuwa ba ya ƙarya, shi ya sa nake zuwa kasuwa da rula a aljihu.

Auna faɗin harshen tsakiya, wanda aka naɗe waya a kansa, da kaurin tarin fallayen ƙarfen, duka da santimita. Ninka su. Raba da 1.2, abin da ya fito ka ninka shi da kansa. Misali harshe 3.8, kauri 4.5, ya ba da 17. Raba da 1.2 ya zama 14 da kaɗan. Ninka da kansa, kusan VA 200. Wadda harshenta 3.2 ne, kauri 3.5, ba ta kai VA 90 ba, ko da an rubuta 10A da jan fenti. In kwanon naɗi ya rufe harshen, auna faɗin ƙarfen gaba ɗaya ta dogon gefe ka raba uku, a yawancinsu haka ƙirar take. Kiyasi ne, amma yana raba gaskiya da zuƙi ta malle. Ɗaga ta ma ka ji: mai VA 200 irin wannan ƙirar ba ta kasa kilo uku.

Abu na biyu, wayar ciki. Yanzu an cika kasuwa da alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Kankare bakin wayar naɗin da reza. In ciki ja ne, madalla. In fari ya bayyana, alminiyam ce, wadda ke ɗaukar kusan kashi 61 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka, ga wuyar kama dalma. Ba haramun ba ce, amma kada ka biya kuɗin jan ƙarfe a kanta, kuma ka rage abin da kake tsammani daga gare ta.

Mai kusurwa ko mai gammo

Iri biyu za ka tarar. Mai kusurwa huɗu ta fallayen ƙarfe, ita muka fi sani: tana da araha, kowane mai naɗi zai gyara ta, tana haƙuri da wutar janareta. Aibinta nauyi, da kuma maganaɗisun da take fesawa kewaye da ita, wanda in ya sami wayar shiga sai ka ji gurnani a lasifika.

Ɗayar zagayayya ce kamar gammo. Ta fi sauƙin nauyi, ta fi shiru, bolt ɗinta bai cika faɗuwa ba. Amma lokacin kunnawa takan finciki wuta da ƙarfin gaske, har fitilar ɗaki ta ƙifta, ƙaramin janareta ya yi tari. In ta haura VA 300 ka yi mata da'irar tashi a hankali. Sannan ga tarkon da ya cinye mutane da yawa: dogon sukurun da ke ratsa tsakiyarta kada ya taɓa murfin akwati ta sama alhali yana ɗaure a ƙasa. In ya taɓa, akwatin da sukurun sun zama naɗi guda da aka gajarce, sai zafi da hayaƙi.

Ni dai in don fita ce, inda yau wutar gari gobe janareta, mai kusurwa nake zaɓa. Ƙaramin janareta in kaya ya yi masa yawa gudunsa yakan ragu, zagayen ya faɗi ƙasa da 50, ƙarfen taransifoma ya ƙoshi da maganaɗisu ya fara ƙugi da zafi. Mai gammo ta fi saurin nuna fushi a wannan hali.

Tsofaffi da na kwance

A wajen 'yan gwangwan da masu kayan kwance, a Dilimi ko cikin unguwa, ana tsintar dami a kala. Taransifomar tsohuwar amfilifaya ta kamfani sau da yawa ta fi sabuwa ta kwali. Amma akwai huɗu da za ka kiyaya.

Wadda ta fito daga kayan Amurka ta bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. Jona ta a wutarmu, ko bismilla ba za ka ƙarasa ba. Wasu suna da firamare, wato naɗin da wutar gari ke shiga, guda biyu, 115 da 115, waɗanda ake jerawa su ba da 230. In ba ka san kan wayoyin ba, kada ka yi canke. Ta cikin sitabilaiza kuwa yawanci naɗi ɗaya ne tilo, babu katanga tsakanin wutar gari da abin da ke fita. Ka sa ta a amfilifaya, makirufo ya zama wayar wuta a bakin mai wa'azi. Ta na'urar dumama abinci tana fitar da wajen bolt 2000, ta kashe mutane, ko an sake mata naɗi zafi take yi ba kaya. Bar ta inda ka gan ta. Ta huɗu ba haɗari ba ce, ruɗani ne: 'yar ƙaramar da ke bayan lasifikar masallaci mai rubutun 100V ta sauti ce, ba ta wuta ba.

Ta tsohuwar UPS tana da ƙarfe mai kyau, sai dai bolt ɗinta kaɗan ne. Ta fi amfani a matsayin ƙarfen da za a sake wa naɗi.

In naɗawa za ka bayar

Wani lokaci wannan ya fi, musamman 20-0-20 da ba ta cika samuwa ba. Amma kada ka ce wa mai naɗi "yi mini mai ƙarfi" ka tafi. Zauna ku yi lissafi. Raba 45 da lambar nan da ka samu da ka ninka faɗin harshe da kauri, ka sami zagaye nawa ke ba da bolt ɗaya. Ƙarfe mai 17 zai ba da 2.6. Ce masa ya naɗa firamare don 240, ba 220 ba, wato zagaye 630 da 'yan kai. Za ta yi sanyi, ta daɗe. Sakandare, wato naɗin da wuta ke fita, na 24 kuma wajen 66 kowane gefe, an haɗa da ɗan ƙari saboda faɗuwa. Ga VA 200, geji 22, wato lambar kaurin waya, ya isa firamare, sakandare kuma 17 ko 16. Roƙe shi ya naɗa gefen biyu tare, waya biyu a hannu ɗaya, don su fito daidai wa daida. Ya sa takarda mai kyau tsakanin firamare da sakandare, ya matse fallayen, ya tsoma ta a banish. Wadda ba a matse ba ita ce ke zuza kamar ƙudan zuma cikin dare.

Abin da masu naɗi suka fi yi in suna son cin riba shi ne rage zagayen firamare. Ba za ka gani da ido ba, amma gwajin da ke tafe zai tona.

Gwaji kafin ta shiga akwati

Kada ka yi cinikin biri a sama. Fara da mita ba wuta. Firamare zai nuna 'yan om, a mai VA 200 ƙasa da 15. Sakandare ƙasa da om ɗaya. Tsakanin firamare da sakandare kada mita ta motsa ko kaɗan, haka tsakanin kowace waya da jikin ƙarfe. In ta motsa, mayar masa da kayarsa.

Sai ka nemo ƙwan fitila na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100. Na zamani marasa cin wuta ba sa wannan aikin, kuma na dan sun fara wuya, in ka samu ka ɓoye biyu. Jera shi a kan wayar wuta kafin taransifoma, yadda duk abin da za ta sha sai ya ratsa ta cikinsa. Kunna ba tare da kaya ba. Lafiyayya za ta bar ƙwan a mace ko ya yi ɗan ja kaɗan. In ya haska sosai, akwai naɗin da ya haɗe, ko an yi rowar zagaye. Auna gefen biyu daga wayar tsakiya. Kada bambancinsu ya wuce rabin bolt. Auna wutar bango a lokacin, don ka san a kan nawa ta ba da wannan.

Cire ƙwan, ka ɗora mata kaya. Ƙwan fitilar mota mai bolt 12, wat 55, guda biyu a jere suna jan amfiya huɗu da rabi a kan 24. Sa biyu a kowane gefe. In bolt ya faɗi fiye da kashi 10, ba ta kai abin da aka rubuta ba. Bar ta rabin awa, kashe, cire filogi, sannan ka ɗora hannu. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin tafinka a kai, ko ka ji ƙaurin banish, ta yi ƙarama. Kuma kada sanyin Jos ya yaudare ka. Wadda ta yi lafiya a buɗe kan teburi cikin hunturun Disamba, a rufaffen akwati cikin watan Maris wani labari ne, balle a ɗauke ta zuwa biki a Lafiya ko Bauchi.

Abokan tafiyarta

Fis a gefen firamare wajibi ne. Raba VA da 230: mai 240 tana jan amfiya ɗaya da kaɗan, sai ka sa mai jinkirin tsinkewa, wanda ke da harafin T, na 1.6 ko 2. In ya tsinke, nemi dalili. Kada ka naɗa masa silin waya kamar yadda aka saba. Dayod mai ƙafa huɗu irin KBPC3510 ba shi da tsada, ɗaure shi a jikin akwati ya sha sanyi. Kondensa 10,000µF a kowane gefe ta wadatar da biyu masu wat 50: in ana jan amfiya 2, zubewarta wajen bolt 2 ce. Tana riƙe wuta bayan an kashe, don haka sauke ta da resista kafin ka sa hannu, ba da sukundireba ba.

Akwatin ƙarfe a haɗa shi da ƙafar ƙasa ta filogi mai ƙafa uku. Taransifoma ta zauna can nesa da inda sauti ke shiga, a murɗa wayoyinta biyu-biyu kamar tufka, wayar tsakiya ta tafi kai tsaye mahaɗar kondensa biyun, duk sauran wayoyin ƙasa su taru a wuri guda kusa da nan. In duk da haka akwai gurnani, kwance mai kusurwar ka ɗan juya ta kana saurare. Sau da yawa akwai zaman da take yin shiru.

Ta yaron nan ba mu yar ba, don ƙarfenta mai kyau ne, harshe 3.8. Mun kai wa mai naɗi ya warware sakandaren ya mayar da shi 20-0-20 da waya mai kauri, tunda zagayen ya ragu wuri ya samu. Da ya zo karɓa sai ya tsaya yana juya ta.

"Oga, daga 32 zuwa 20, ba za ta rage ƙara ba?"

Na ce ya jona lasifikunsa huɗun. Mita ta nuna 29 a kan kondensa, da ya murɗa ta sauka 26 ta tsaya. Mai shayin da ke tsallaken titi ne ya aiko a ce mu rage.